Ranar da Isyaku Ya Ƙirga Zuriyar Malam Mikail

Bari in faɗa tun farko, kada a ce na ɓoye: ina jin haushin Isyaku, kuma har yau bai gama fita ba. Sunana Lawal, tela ne ni a Sheshe, shagona yana zauren gidanmu. In kun ji ana kirana Mai Ɗari Biyu a unguwa, Isyaku ne ya jawo mini, kuma yanzu za ku ji yadda aka yi.

Mu zuriyar Malam Mikail muna taron zumunci kowace shekara, Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah, a filin firamaren unguwarmu. Shekara ashirin da shida Goggo 'Yardada, ƙanwar mahaifinmu, ita ke riƙe da girkin taron. Ba ta da gida nata, ba ta da mota, amma tana da abu ɗaya da take taƙama da shi: tunda ta fara, ba a taɓa tashi daga tabarmarta da yunwa ba, kuma ba a taɓa zubar da ko ludayi ɗaya ba.

Yadda take yi shi ne, in taro ya matso sai ta yafa mayafi ta bi gida-gida. Ba ta tambayar kowa ku nawa ne, don ta san halinmu. Ta wajen kaka mu jinin Fulani ne, ba ma ƙirga 'ya'ya, kada baki ya kama su. Sai dai ta zauna, a kawo mata ruwa, tana sha tana hira, idonta yana kan takalman da ke ƙofar ɗakuna da girman tukunyar da ke kan murhu. Kafin ta ajiye kofi ta san adadin mutanen gidan har da baƙon da ya zo jiya.

To bara sai gwiwa ta kama ta. Faɗuwa ta zo daidai da zama, domin a lokacin ne Isyaku ya dawo daga kos.

Isyaku ɗan baffana ne. Ya yi sati uku a wani bene can wajen gari yana koyon haɗa shafin intanet, ya dawo da takarda mai adon ruwan zinare da tabarau wanda ba na magani ba. Tun daga ranar bai ƙara amsa sunan Isyaku ba sai an gabatar da Injiniya. Har a jikin butarsa ta alwala ya rubuta Injiniya da jan fenti.

Kwamitin taro ya zauna a zauren Alhaji Auwalu, babban yayanmu, ɗan kasuwar da in ya damƙe abu ko iska ba ta fita ta tsakanin yatsunsa. Ana cikin jajanta ciwon Goggo, Isyaku ya miƙe ya gyara tabarau.

"Ku yi haƙuri, yau zan fitar da zuriyar nan daga duhu. Ana ƙarni na ashirin da ɗaya muna ƙirga mutane da silifa? Zan haɗa shafi, in tura wa kowa a waya. Gurbi huɗu ne kawai: maza nawa, mata nawa, yara nawa, sannan za ku zo ko ba za ku zo ba. Minti biyu an gama. Goggo ta huta."

Goggo, da take zaune a gefe ta miƙe ƙafa, ta ce, "Wayar taka tana shan ruwa a gidan mutane?"

"Ba ta buƙata, Goggo."

"To Allah ya ba da sa'a."

Sa'adiyya, 'yar Goggo, tana gefe. Ita ce taubashiyar Isyaku, don haka tsakaninsu ba a raga wa juna. Kuma ita wannan aikin shi take yi da gaske, shekara bakwai, a wani kamfani, sai dai ba ta taɓa rubuta komai a jikin buta ba. Ta leƙa laftof ɗinsa ta ce, "Injiniyan sati uku, zo in gaya maka abu ɗaya kyauta. Duk abin da mutum ya cika a gurbin nan, rubutu yake zuwa, ko da lamba ya danna. Kwamfuta ba ta san biyu lamba ce ba sai ka sa ta juya ta. Kuma kafin ka yarda da ita sai ka duba: lamba ce da gaske? Hankali zai ɗauka? In ba haka ba, ka mayar wa mai ita ya gyara."

Isyaku ya yi dariya har da buga cinya. "Wannan ai darasin ranar Litinin ɗin farko ne. Mu mun wuce nan."

"Ka je ranar Litinin ɗin?"

"Ranar ina da ɗaurin aure."

Alhaji Auwalu ya tambaya ko abin zai ci wani abu. Da aka ce masa kyauta ne, nan take ya ce ya ga alamar albarka a ciki.

Kwana biyu shafi ya fito, da hoton Isyaku a sama ya harɗe hannu a ƙirji. Ya kuma haɗa shi da guruf ɗin zuriya, ta yadda duk wanda ya cika, sanarwa za ta faɗo kowa ya gani. Ni kuwa, da shegen rawar kaina, ni na fara cikawa. Maza biyu, ni da ƙanena. Mata uku, mahaifiyarmu da matata Shamsiyya da matar ƙanena. Yara huɗu. A gurbin zuwa na rubuta in sha Allahu. Na danna, na koma kan kekena.

Ban gama kalmasa hannun riga ba wayata ta fara kuka. Na duba, sai ga shi ɓaro-ɓaro a guruf: "Gidan Lawal tela: mutum 234. Mun gode."

Kafin azahar labari ya kai Yakasai. Mai shayin bakin layinmu ya tare ni ya ce, "Malam Lawal, ashe gari guda ka ɓoye a ɗaki uku? To wallahi ka dinga sayen burodi a wajena." Limamin masallacinmu ya riƙe hannuna bayan sallah, ya ce Allah ya ƙara buɗi, ya kuma tambaya a hankali ko gidan yana da ƙofa ta baya. Surukata ta bugo wa Shamsiyya tana tambayar wai a tsaye muke kwana.

Na je na sami Isyaku a ƙofar gidansu yana goge tabarau. Na ce, "Kai, mu tara ne a gidanmu!"

Ya kalle ni ta saman gilashi. "Yaya Lawal, kwamfuta ba ta ƙarya. Kai ka san abin da ka yi."

Da ba don an riƙe ni ba, da ranar an yi abin kunya a Sheshe.

Amma ba ni kaɗai ba ne. Ashe alhakina da aka ɗauka bai daɗe ba ya zagayo. Wani ɗan'uwanmu mai mata ɗaya da yara goma sha ɗaya ya wayi gari da mutum dubu ɗaya da ɗari ɗaya da goma sha ɗaya. Jimillar zuriya kuwa, da Isyaku ya buɗe ta a gaban Alhaji Auwalu, ta cika faɗin wayar ta sauko layi na biyu. Alhaji ya nemi ruwa ya sha, ya tambaya da muryar mara lafiya ko shanu nawa ke nan. Isyaku kuwa har ya fara cewa filin firamare ba zai ɗauke mu ba, sai dai a nemi filin ƙwallo.

Sa'adiyya ta karɓi wayar ta dube ta, ta juyo gare ni. "Yaya Lawal, me ka cika?"

"Biyu, uku, huɗu."

"To ga su nan. Bai tara su ba, jera su ya yi, kamar yadda kake jera maɓalli a gaban riga. Rubutu ya ɗauke su, rubutu kuwa ba a tara shi, sai dai a manna wani a bayan wani."

Isyaku ya fisge wayarsa. "Na sani. Gwaji nake yi. Ina so in ga ko a cikinku akwai mai lura."

Washegari ya zo da gyara, gyaran gangar Auzinawa. Ya tsaya a zauren Alhaji ya ɗaga yatsa. "Na yi maganin abin. Daga yau duk abin da ya shigo gurbin nan lamba zai koma, ko yana so ko ba ya so. Wanda ya yi taurin kai ya ƙi juyuwa, sifili ne."

Sa'adiyya ta dafe kai. "Sifili? Kai, in abu ya ƙi juyuwa ai alama ce ba ka gane shi ba. Sai ka koma ka tambayi mai shi."

"Injiniya ba ya bin gidaje yana tambaya. In haka ne me ya raba ni da Goggo?"

"Ita ta iya aikinta."

Yanzu bari in gaya muku abin da mutanenmu suka cika, domin daga baya na gani da idona. Baffa Hammadu, dattijon zuriya, wanda yake zaune a gonarsa ta hanyar Gwarzo, gidansa ya fi na kowa cika, a gurbin maza ya sa aka rubuta Alhamdulillahi. A gurbin mata, Alhamdulillahi. A gurbin yara, Ma sha Allahu. Malam Gali, malamin zaure, ya yi ƙoƙari ya rubuta lamba, amma da lambobin Larabci, waɗanda shafin Isyaku bai taɓa gani ba. Hajiya Uwa ta rubuta sha huɗu da haruffa. Wata ta sa bakwai da mai ciki. Wani ya sa kamar bara. Duk waɗannan kwamfuta ta gwada su, suka ƙi juyuwa, ta bi umarnin maigidanta ta lafta musu sifili.

Gurbi na huɗu ya fi ɓarna. Isyaku ya tsara shi cewa in an rubuta wani abu, ko mene ne, an amsa za a zo, in an bar shi fayau, ba za a zo ba. Ku da kuka san mu kun san abin da zai faru. Duk mai niyyar zuwa ya ga tambayar ma raini ce. Taron kakana za a tambaye ni ko zan zo? Suka bar gurbin babu komai. Waɗanda ba za su samu zuwa ba su ne suka zauna suka rubuta dogon ban haƙuri. Ɗan'uwanmu Umair ya rubuta daga Legas cewa aiki ya riƙe shi. Nana Hadiza ta rubuta cewa tana Makka, jirginsu bai taso ba. Kwamfuta ta ga rubutu, ta sa su a sahun gaba.

Saura kwana goma taro, Isyaku ya sa aka kira kwamiti, har da Goggo, ya karanta sakamako da murya irin ta gidan rediyo. "Masu halartar taron bana, mutum sittin da ɗaya."

Goggo ta ce, "Sittin da ɗaya a wane gidan?"

"Duk zuriyar, Goggo."

"Isyaku, gidan Yaya Hammadu kaɗai ya fi haka."

"Wannan ji-ta-ji-ta ce. Ni alƙaluma nake kawowa."

Na dubi Alhaji Auwalu, na ga fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Mutumin da kwanaki kaɗan baya ya kusa suma saboda kwamfuta, yau ya zama babban mai goya mata baya. Ya yi gyaran murya ya ce, "Mutum sittin ai kwano shida na shinkafa ya ishe su. To Goggo, ba wai ina nufin wani abu ba, amma kwano talatin da wani abu da ake auna miki duk shekara, ina suke tafiya?"

Mu goma ne a zaune, kuma ba wanda ya buɗe baki, har da ni. Wannan shirun har yau in na tuna shi kunya nake ji. Matar nan ba ta da komai a duniya sai sunanta, a gabanmu aka taka shi, muka sunkuyar da kai muna kallon tabarma.

Goggo ta dafa bango ta miƙe a kan gwiwar da ke ciwo. Ba ta ɗaga murya ba. "Auwalu, a bayan nan na goya ka. Auna mini kwano shida. Abin da wayarku ta ce, shi zan dafa muku."

Sa'adiyya ta kama ta suka fita. A bakin ƙofa ta juyo ta ce wa Isyaku, "Ka buɗe amsoshin nan ka karanta su da idonka, ko sau ɗaya." Ya ce shi jimilla yake kallo, ba ya kallon ƙananan abubuwa.

Daga washegari muka fara ganin Goggo a cikin adaidaita sahu, da sandarta, yau Zaitawa, gobe Yakasai, jibi hanyar Gwarzo. Ta ce gaisuwar Sallah take yi. Ta zo gidanmu ma, ta sha ruwa, ta shiga ɗaki da Shamsiyya suka yi ƙus-ƙus. Da na tambaya, Shamsiyya ta ce maganar mata ce. Isyaku yana zaune a shagona ana gwada masa kwat ɗin da zai sa ranar taro, ya hango ta tana fita ya ce, "Tsohon zamani yana bankwana."

A nan shagon nawa ya tuna bai cika nasa ba. Ya tara masu jiran ɗinki su ga yadda ƙwararre yake yi. A gurbin maza ya danna lamba ɗaya, ya tsaya, ya ga ta yi masa tsirara, sai ya ƙara Injiniya a gabanta. Ya tura, ya mayar da waya aljihu, ya ce in rage masa kafaɗar kwat.

Ranar Asabar tun hantsi Isyaku ya kafa tebur a ƙofar makaranta, ya ɗaura igiya daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Ga laftof, ga lasifika, ga katin abinci sittin da ɗaya da ya buga. Ga shi kuma cikin baƙar kwat, rana tana dukan ƙeyarsa. Doka ɗaya ce: in ba ka cikin kwamfuta, ba kati, in ba kati, ba shinkafa.

Ya fara kira. "Gidan Umair, mutum takwas, bismillah!" Shiru. "Gidan Umair!" Wani daga bayan igiya ya ce, "Yana Legas!" Isyaku ya ce a rubuta ya makara. "Gidan Nana Hadiza, mutum shida!" Aka ce, "Tana Makka!" Ya ce in ta iso ta same shi a tebur.

Ni dai na samu katina tara, albarkacin in sha Allahu. Na tsallaka igiya ina jin ana cewa a buɗe hanya ga Mai Ɗari Biyu. Mu ashirin da uku kacal muka shiga. A waje kuwa mutane sai taruwa suke, mata da goyo, tsofaffi da carbi, kowa ya ci ado. Malam Gali ya matso ya ce shi fa ya cika. Isyaku ya duba ya ce, "Malam, gidanka babu kowa."

"Goma sha tara na rubuta."

"Da wane rubutu?"

"Da wanda aka rubuta lissafi da shi tun kafin a haifi kakan mai kwamfutar."

"To ba ta san shi ba."

"Ita ce jahila ke nan, ko ni?"

Ana cikin haka bas uku suka tsaya. Baffa Hammadu ya sauko daga ta gaba, da rawani da sanda, mutanensa suka dinga fitowa a bayansa kamar ba za su ƙare ba. Ya tako har gaban tebur. Isyaku ya rusuna ya gaishe shi, ya danna, ya ƙara dannawa, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Baffa, a yi haƙuri, ba kwa ciki."

"Cikin me?"

"Cikin zuriya. Wato, cikin masu zuwa. A nan gidanku mutum sifili ne."

Ya manta lasifika a kunne take. Filin gaba ɗaya ya ji.

Baffa ya juya a hankali ya dubi bas ukun nan, ya dubi jama'arsa da suka cika titi, ya juyo. "To waɗannan da suka cinye mini rumbu biyu bana, su wane ne?"

"Baffa, me aka rubuta a gurbin?"

"Alhamdulillahi."

"Ai ba lamba ba ce."

"A wajenka. Ni shekara saba'in da ita nake ƙirga abin da Allah ya ba ni, kuma bai taɓa raguwa ba sai yau da ka sa hannu."

Ya sa sandarsa ya ɗaga igiyar sama, ya ce wa mutanensa, "Ku shige, tunda ba kowa ba ne ku, ba wanda zai gan ku." Jama'a suka kwararo. Aka ture tebur, katuna suka watse, wani yaro ya tafi da igiyar. Isyaku ya rungume laftof yana ihun a bi tsari.

Da aka zazzauna, ido ya koma ƙarƙashin darbejiya, inda Goggo take zaune a kujera 'yar tsuguno. A gabanta tukunya ɗaya ce tak, ta kwano shida. Ta riƙe ludayi ta ce, "Mai kati ya matso."

Ba wanda ya matso. Ni da katina tara a hannu na tura su aljihu. Azahar ta wuce, yara suka fara kuka, iyaye mata suka fara kallon Alhaji Auwalu, shi kuma babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf. Baffa Hammadu ya ce shi kafin komai yana so a karanta masa abin da na'urar ta ce game da kowane gida. Isyaku ya ce batir ya yi ƙasa. Sa'adiyya ta zare laftof ɗin daga hannunsa ta ce saura kashi tamanin, ta ɗauki lasifika.

"Hajiya Uwa ta rubuta sha huɗu. Injiniya ya ba ta?"

Wasu suka ce, "Sifili!"

"Bakwai da mai ciki?"

"Sifili!"

"Kamar bara?"

Yanzu filin duka ne ke amsawa, har da tafi, har tsofaffi. Isyaku yana ta cewa matsalar daga masu cikawa ce, ba su da wayewa. Hajiya Uwa ta ce masa, "Mu da muka yi maka tsarki kana jariri, yau mu ne ba mu waye ba? Tambaya ka yi, muka amsa yadda muka iya. In ba ka gane ba, ƙafarka ta karye ne da ba za ka zo ka ce Hajiya me kike nufi ba?"

Alhaji Auwalu ya ga babu mafita. Ya taka har gindin darbejiya ya tsuguna. "Goggo, a rufa mana asiri."

"Kwano shida ka auna, ga su nan, ko ƙwaya ban taɓa ba. Ka ƙirga."

"Goggo, na tuba."

"A zaure ka tambaye ni inda shinkafa take tafiya, a gaban mutum goma. To ga inda take tafiya nan, sun zauna suna kallonka. Ɗauki abin maganar can ka gaya musu."

Wallahi ya ɗauka. Ya ce shi Auwalu ya yi wa Goggonsa ƙazafi, shekara ashirin da shida ba ta taɓa cin ƙwayar shinkafar zuriya ba, yana roƙonta gafara a gaban kowa. Na ga Goggo ta sa bakin mayafi ta goge ido. Ni ma sai da na juya baya na yi kamar ƙura ce ta shigar mini.

Sannan ta ɗaga ludayi sama. Ashe alama ce. Ƙofar baya ta makarantar ta buɗe, sai ga kura biyu ana turowa, manyan tukwane a kai, Shamsiyya a gaba tana ba da hanya. Gaisuwar Sallar da Goggo ta yi ta kwana tara, takalma ta je ƙirgawa, kuma kowace matar gida ta auna mata shinkafa gwargwadon takalman ƙofarta. A wani gida a Zaitawa suka dafa tun safe.

Baffa Hammadu ya ce, "'Yardada, na mutum nawa kika dafa?"

Ta ce, "Yaya, a gabanka ba zan faɗa ba. Alhamdulillahi."

Aka ci, aka ƙoshi, aka ƙara. Da aka gama, ƙanzo ne kawai a gindin tukwane, sai kwano ɗaya da ta rufe ta ajiye a gefen ƙafarta.

Can sai ga Isyaku ya lallaɓo, ya cire kwat ya rataya a kafaɗa, faranti a hannu. "Goggo, ni ban samu ba."

"Sa'adiyya, duba mana shi."

Sa'adiyya ta duba, ta kai lasifika baki. "Gidan Isyaku. Ya rubuta ɗaya, ya ƙara Injiniya. Ya ƙi juyuwa."

Filin ya amsa da murya ɗaya.

Goggo ta tsoma ludayi a iska, ta juye masa a faranti sau biyu, har da karkaɗewa. "Kwamfuta ba ta ƙarya, ko ba haka ka ce wa Lawal ba? Sifili ba ya cin shinkafa."

Ta bar shi a tsaye da farantin har sai da dariya ta lafa, sannan ta tura masa kwanon nan da ƙafa. "Ɗauki. Na ga takalminka a ƙofar uwarka, na ƙirga da kai. Baɗi kai za ka riƙe mini jaka mu bi gidaje, tunda gwiwarka lafiya take."

Bana Sa'adiyya ce ta gyara shafin. In ka sa lamba, sai ya duba ko hankali zai ɗauka, sannan ya karɓa. In ka rubuta Alhamdulillahi, ba ya ba ka sifili, sai ya amsa maka da cewa Goggo tana nan tafe, a tanadi ruwa. Isyaku kuwa ya bi ta gida-gida kamar yadda ta ce, shi ke sunkuyawa yana ƙirga takalma, yana gaya wa matan gida cewa shi ya ƙirƙiro tsarin. Da suka zo gidanmu ya ƙirga tsaf, ya miƙe ya sanar cewa mu goma sha takwas ne. Goggo ta ajiye kofi ta tambaye shi ko a gidansu kowa ƙafa ɗaya gare shi.